Jan Biron Noelene

Shekara ashirin da uku Noelene Pratley ta yi a gidan talabijin na garinmu, can karkarar jihar Victoria, ba a taɓa nuna fuskarta ba ko sau ɗaya. Aikinta juya takarda. A wancan zamanin da tafireta ake buga labarai a kan siririyar takarda, a liƙe shafi da shafi da salatif. Ita kuma ta zauna a lungu tana murza ta da hannu a ƙarƙashin wata ƙaramar kyamara, rubutun ya fito a gilashin da ke gaban mai karatu. In ta yi sauri ya yi tuntuɓe, in ta yi nawa ya tsaya baki buɗe a gaban jama'a. Yau na'ura ke yi. Na'ura kuwa ba ta san lokacin da mutum ke neman numfashi ba.

Tebur ɗaya gidan ke da shi. Ƙarfe shida Graeme Tuckwell zai zauna ya karanta labarai, sama kwat tsaf, ƙasa gajeren wando da silifas. Ran Juma'a 'yan wasan barkwanci su gaji teburin da ɗuminsa, ɗayansu ya kifa tsumman goge ƙasa a ka a matsayin suma, ya kwaikwayi Graeme har da tarinsa. Kai tsaye ake nunawa, babu gyara. Noelene ba ta da surutu, amma tana da jan biro. Ana tsakiyar wasa sai ɗan wasa ya ga rubutun hannunta a gefen takarda: "Zif ɗinka a buɗe yake." Ya duba ƙasa, dariya ta ƙwace masa, gari duka ya taya shi. Ba a irin wannan yanzu, komai an tace shi kafin ya iso.

Takardar labarai kam ba ta taɓa sa mata biro ba.

"Ke Noelene, yaushe za ki rubuto mini wasiƙar soyayya?" Graeme kan ce.

"Ran da ka sayi dogon wando."

Sai wata ranar Fabrairu gobarar daji ta taso daga arewa. Tun la'asar sama ta yi ja, wayoyin unguwannin bayan gari suka mutu. Mijinta Col yana gida a titin Sawpit, ita kuma ta san halinsa: zai hau rufin kwano da tiyo yana jiƙa gida, kamar yadda ubansa ya yi, ya ajiye talabijin a taga ya ƙure murya don ya ji labarai.

Saura minti huɗu a fara labarai, aka miƙo mata sabon shafi. Tana liƙawa ta karanta: iska ta juya, wuta ta nufi titin Sawpit, hanyar kogi kaɗai ta rage. Zuwa gida tafiyar rabin awa ce a mota, ba za ta riga wutar ba. In kuma ta tashi, babu mai murza takardar da ke ɗauke da sunayen hanyoyin da mutane za su bi. Ta zauna.

Ta murza yadda ta saba, hanya bayan hanya, ba ta ƙara sauri ba. Da aka iso Sawpit, Graeme ya ga jan biro a gefe. Ya ajiye muryar labarai.

"Col Pratley, matarka ta ce ka sauko daga rufin nan, tsohon banza. Ka ɗauki kare ka bi hanyar kogi zuwa filin ƙwallo. Duk mai taurin kai irin na Col, da shi nake."

Shugaban sashen labarai ya yi ta ihu ta bayan gilashi. Noelene ba ta ɗago ba har shafin ƙarshe ya wuce. Sannan ta ɗauki makullin mota.

Filin ƙwallo ya cika da motoci da dawakai da katifu. Ta zagaya sau biyu kafin ta hango shi a bayan akori-kura, fuska baƙi ƙirin da toka, karen na cinyarsa. Maƙwabta uku da su ma suka sauko daga rufinsu suna gefensa.

"Gidan ya tafi," in ji Col. "Kuma kin kunyata ni a gaban jihar nan kaf. Tsohon banza fa!"

"Ni taurin kai na rubuta. Sauran Graeme ne ya ƙara."

Ta zauna kusa da shi, ta riƙe masa hannun riga.