Fayif a Bayan Ɗakin Inna

A shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye aka shuka ciyawa a tsakar gidanmu a Batsari. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla, ya tambaya ko kiwon zomo za mu fara.

Likita ne ya ce Baba ya riƙa tafiya kullum, ko da taku kaɗan ne, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Ya gwada. Tsakar gidanmu daɓe ne mai tauri, ya faɗi, goshinsa ya fashe. Daga nan ya ƙi. Mutumin da ya yi shekaru a tsaye kan ɗaliban Islamiyya ya koma tabarma yana jan carbi da hannu ɗaya. In an ce ya tashi, sai ya juyar da kai.

Yayana yana Abuja, wajen masu gyara lambun gidajen manya. Shi ya zo da dabarar. Ya ce a fasa daɓen gaban ɗakin Baba, a zuba taki, a dasa ciyawar ƙiri-ƙiri, inda ko mutum ya faɗi ba zai ji ciwo ba. Ruwa kuma daga tankin da sola ke cika mana zai taho, ta fayif a ƙarƙashin ƙasa, don kada Baba ya yi tuntuɓe, kada awaki su tauna. Ya zo da wasu ƙananan kawuna baƙaƙe da ake binnewa daidai da ƙasa. In an buɗe famfo sai su ɗago su yi feshi, in an rufe su koma.

Hanya mafi kusa daga tanki ta bayan ɗakin Inna take. Yaya ya ja layi da toka, ya ɗaga diga. Sai ga Goggo, yayar Baba, wadda ta zo jinya daga Safana. Ita ta karɓi haihuwarmu duka.

"Kai, sauke abin nan."

"Goggo, rami ne ɗan ƙarami."

"Ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka? Mabiyiyarka ta ranar haihuwa. Da ta wannan mai bakin," ta nuna ni, "da ta biyun da suka koma. Ni na wanke su, ni na binne. Diga ba za ta sauka a nan ba."

Yaya ya ce kowace kwana aka yi wa fayif tana cin ƙarfin ruwa. Goggo ta ce to ta ci. Haka aka kewaye wurin, aka yi ta sa gwiwa, wato mahaɗar kwana, ana liƙewa da gam har fayif ya fita. Ni a raina na ce an ɓata aiki saboda abin da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Ba a raina kaɗai ba, na faɗa. Inna ta harare ni.

Yaya ya koma, aikin ya zama nawa, tunda na gama sakandare ina zaune. Ba wani aiki ba ne, sai naci. Da safe in buɗe famfo, in tsaya in ga kowane kai ya ɗago. Ruwanmu yana da yashi, ramukan sukan toshe, in kwance kan in tsokale da allura, in wanke 'yar rariyar da ke ciki. In kore awaki. In hana Inna sharewa, don hannunta ya saba, in ta ga tsiro a tsakar gida ba ta sanin lokacin da take tuge shi.

Ciyawa ta kama. Baba ya fara takawa ba takalmi, daga ƙofarsa zuwa gindin dalbejiya, yana dafe da sanda. Ya faɗi sau da yawa. Yakan zauna a wurin ya huta, ya miƙe.

Da bazara ta yi nisa feshin ya fara raguwa. Kawunan da ke can ƙarshe suka daina ɗagowa, sai dai su yi ta dalala. Ciyawar wajen dalbejiya ta yi ja, ta bushe, ƙasa ta fito. Bayan ɗakin Inna kuwa kullum a jiƙe, har tsiro ya fito a wurin. Na buga wa Yaya waya. Ya ce gwiwa ce ta saki, a tona a sake. Shi ba zai samu zuwa ba sai sallah.

Na nemo mai gyaran famfo. Goggo ta tare shi a zaure, suka gaisa har da tambayar iyali da gajiya, sannan ta sallame shi.

"Goggo, ba a kan wurin fayif yake ba, a gefe yake."

"Gefe da tsakiya, wa ya auna miki? Namiji bare ba zai tona nan ba."

"To ciyawar ta mutu ke nan."

"Ke dai uwar gaggawa. Da aka haife ki ma ba ki jira ruwa ya tafasa ba."

Na koma ɗibar ruwa da bokiti, bai isa ba. Ranar da Baba ya kai inda ciyawa ta ƙare, ya tsaya, ya dubi busasshiyar ƙasar, ya juya. Washegari bai fito ba. Jibi ma haka. Goggo ta kai masa kunu ta same shi a tabarma, fuska a bango. Ta ajiye kunun ta fito.

Da hantsi ta kira ni bayan ɗaki. Ta ɗaura zani a ƙirji, a hannunta sakaina biyu.

"Kin iya abin da yayanki yake yi?"

"In ya gaya mini."

"To kira shi. Ƙarfe dai ba zai shiga ba."

Da sakaina muka tona, da yatsu. Ƙasar ta yi laushi, ba ta ba mu wahala ba. Goggo tana bismilla tana kwasa, tana tara ƙasar a faranti kamar gari. In na karkata hagu sai ta buge mini hannu. Muka iske gwiwar ta tsage. Na jingina wayar da bango, Yaya yana magana. Na rufe ruwa, na yanke wurin da zarton da ya bari, wanda Goggo ta yarda da shi don fayif zai ci ba ƙasa ba. Na goge, na shafa gam, na danna sabuwa na riƙe. Ya ce kada a buɗe sai gobe. Wannan jiran ya fi tonon wuya.

Kafin mu mayar da ƙasa Goggo ta nuna wani wuri da haɓa.

"Mabiyiyarki tana nan."

Na duba. Jar ƙasa ce da saiwa.

"Ban ga komai ba."

"Ai ba don a gani aka binne ba. Miƙo farantin."

Da safe kawunan suka ɗago duka. Ciyawar ta ɗauki makonni kafin ta dawo, wani wurin sai da na sake dasawa. Baba bai jira ta gama ba. Da ya ga kore ya fara rufe ƙasa ya nemi sandarsa. Har yanzu yana jan ƙafar, amma yana kai kansa masallacin ƙofar gida.

Da damina ta sauka Goggo ta koma Safana. Ta bar sakainar a kan katanga, ta ce kada a yar, gam ɗin zamani ba ya daɗewa.