Direba Ta Uku: Ta'aziyyar Kawu Salih

Na Allah muke, kuma komai daɗewarmu a nan, wurinsa za mu koma. Da asubahin Talata, goma sha ɗaya ga watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Muhandis Salih Adam, ƙanen mahaifiyata, a gidansa da ke ƙauyenmu kusa da Abu Hujar. Ya idar da sallah, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin matarsa Hannatu ta sauke shayi rai ya yi halinsa. An yi masa sutura da hantsi.

Kawu, na yi kukanka har idanuna suka kumbura. Amma yau ɗoki nake, domin ina da labarin da babu wanda ya cancanci jinsa kamarka, ga shi kai kaɗai ne ba ka ji ba. A ranar da aka ɗauke ka zuwa makwancinka, daidai lokacin da babu namiji ko ɗaya a gari, jini ya ɓalle wa Asabe matar Jibo bayan ta haihu a hannuna. Abin da ka kwashe shekaru kana shirya mu dominsa ya zo, kuma ya zo ba ka nan. Bari in ɗauko zancen daga tushe, saboda waɗanda ba su san ka ba.

Ni ce Ibtisam, ungozomar ƙauyen nan. Kawu Salih kuwa ba likita ba ne, ko allura ake yi sai ya kau da kai. Injiniyan famfunan ban ruwa ne, kuma tambaya guda ya yi rayuwarsa yana bi: me ya sa abu yake tsayawa a ranar da aka fi bukatarsa? Da ya bar aiki ya dawo gida, mun ɗauka zai zauna gindin bishiya ya sha jabana, kofin nan namu, kamar sauran tsofaffi. Sai muka ji ya haɗa kai da malaman wata kwalejin lafiya, suna binciken yadda mace mai zubar jini take tashi daga ɗakinta ta isa asibiti da ranta. Ya ce mini ungozoma da ɗan aike da direba da hanya duk ɗaya suke da ƙofofin ruwa tsakanin kogi da gona, ɗaya ta rufe, shuka ta bushe. Ya ce ba ya son jin ra'ayin kowa a kan wace ƙofa ce mai matsala, so yake ya gani da idonsa kafin ranar gaske.

Kwalejin tana da mutum-mutumin roba na koyon karɓar haihuwa, amma ɗaya ne, kuma ba ya fita ƙauye. Sai ka ɗauko salkar akuya, Kawu, ka cika ta da jiƙon karkade, wato zoɓo, ka ɗaura mata bututun ƙarin ruwa, ka ce ga mahaifa ga jini. Za a ɗaura wa mace ita a ƙarƙashin zane, a buɗe bututun, mu kuma mu yi duk abin da za mu yi in da gaske ne. Wata sista daga kwalejin ta riƙa zuwa tana gyara mana hannu, kai kuma kana gefe da agogo. Da farko babu macen da ta yarda ta kwanta. Tsofaffi suka ce mugun fata ne, kana kiran masifa da bakinka. Hannatu ce ta ture ƙwaryar da ke gabanta ta ce ita ta wuce haihuwa, a ɗaura mata. Kuma wallahi ta iya kwaikwayo, nishin da ta yi ranar har maƙwabta suka leƙo ta kan katanga.

Gwajin farko ba zan manta da shi ba. Raksha guda ce a ƙauyen, wannan babur mai ƙafa uku, ta dattijo Yahya. Na aiki Sabah, matar ɗansa Lukman, ta kira shi da gudu. Ta yi gudun kuwa, amma tana isa ƙofar surukinta sai ta durƙusa ta fara gaisuwa. An tashi lafiya, ya gajiya, ya gona. Shi kuma ya amsa a natse, ya tambayi ƙafar mahaifinta, ya tambayi ko akuyarsu ta haihu. Yarinya mai tarbiyya, ta ina za ta buɗe baki ta ambaci jinin haihuwa gaban suruki? Kafin ta iya cewa ana kiransa, salka ta tsiyaye tas. Ka dubi agogo ka ce, "Halas, shi ke nan, Hannatu ta rasu, Allah shi jiƙanta." Hannatu ta tashi zaune jage-jage da karkade ta ce, "Kai ka rasu, ba ni ba." Muka yi dariya har da riƙe ciki, amma ni sai na tuna matan da na rasa, ban taɓa sanin inda lokacinsu ya tafi ba.

Bayan kowane gwaji kakan zaunar da mu a tsakar gida, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ranar Sabah kuka take, tana jiran faɗa. Ka ce mata ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mata tun tana ƙarama shi ta yi, laifin na tsarin da ya ɗora wa suruka wannan aike ne. Ba ka ce a daina gaisuwa ba, ka san ba mai jin ka. Jan ɗankwali ka kawo, ka ce duk wadda ta ɗaga shi a ƙofar gida ta gama magana, babu sallama babu durƙuso. Liman ya sanar a masallaci, aka karɓa.

Daga nan ka fito da halinka da ya fi ba mu haushi. Ana shirin gwaji sai ka nuna mutum ka ce yau ba ya nan, ya koma gefe ya naɗe hannu. Ka cire ni, ka cire mai wayar da ke kira mana asibiti, ka cire kanka. Da ka cire Yahya komai ya tsaya cik, sai aka sa Lukman ya zama direba na biyu, kowa ya ce an gama. Ka bari sai ranar Juma'a, maza sun tafi babban masallaci a garin gaba, sannan ka aiko a ɗaura salka. Jan ɗankwali ya zaga gari bai sami kowa ba, uba da ɗa suna sahu guda. Ka ce ka sha ganin haka a wurin aiki, a sayi famfo biyu don tsaro a jona su da waya guda, wuta ta ɗauke su mutu tare. Ka ce Juma'a da kasuwa da jana'iza duk tare suke kwashe mazanmu, saboda haka dole direba ta uku ta zama mace.

Gari ya ɗauka. Yahya ya ce shi da ransa surukarsa ba za ta hau kujerarsa ba, mutane su ce me? Ba ka yi musu da shi ba. Kullum bayan la'asar sai ka je ka zauna a tabarmarsa, ka sha masa jabana, ka tambaye shi wa zai tuƙa ranar Juma'a. Gobe ma haka. Na yi imani ba hujjarka ce ta ci shi ba, gajiya ya yi da ganinka, kofinsa kuma ya kusa ƙarewa. Sabah ta koyi tuƙi a masussuka bayan girbi, ta rushe wa Jibo garken awaki, Jibo ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarka. Aka kafa doka: makulli a ƙusa bayan ƙofa, mai a tanki ba a taɓa shi, kuma in Yahya da Lukman za su fita tare, raksha ba ta bin su.

To ga ranar Talata. Maƙabartarmu tana can ƙetaren babban magudanar ruwa, da nisa. Da aka shirya ka, Yahya ya fito da raksha don ya ɗauki tsofaffin da ba sa iya tafiya, kuma babu wanda ya ga aibin haka, rana ce ta girmama ka. Labari ya shiga cikin gida. Hannatu, wadda ko zama ba ta iya yi sai an riƙe ta, ta ɗago kai ta ce a gaya wa Yahya, "Wanda za ku kai ɗin shi ya hana. Ku aje ta inda take." Aka nemo amalanken jaki aka ɗora tsofaffi, raksha ta koma rumfarta.

Ni ban ma samu na ga fitarka ba, naƙudar Asabe ta riga ta kankama. Ta haifi ɗiya mace, mabiyiya ta fito, na yi hamdala. Da na ɗora hannu a cikinta sai na ji mahaifa laushi tuɓus, jini kuma yana zuwa. Na murza, na yi mata allura, na sa ƙarin ruwa, bai tsaya ba. Na dubi zannuwan da suka jiƙe, nan take na san inda muke, domin sau nawa ka sa muka auna karkade muka zuba a zane don idonmu ya saba. A da da na ce mu ƙara jira. Ranar ban jira ba, na miƙa wa ƙanwar Asabe jan ɗankwali.

An ce ta faɗa gidan makoki ba sallama, mata cike da tsakar gida ana kuka, ta ɗaga shi sama. Sabah ta miƙe, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Mata huɗu suka biyo ta suka ɗauki Asabe da gadon igiyarta har ƙofa. Mai waya ta kira asibiti. Mata biyu da ka sa aka gwada jininsu tun bara suka matso da kansu suka hau raksha, ba wanda ya kira su. Kawu, babu wadda ta tambayi wata abin da za ta yi. Ina baya hannuna danne da cikin Asabe, ina kiran sunanta kada ta lumshe ido, Sabah tana keta ramuka kamar a kan raksha aka haife ta.

Hanyarmu ta bi ta gefen magudanar, muka hango ku. Maza cikin fararen jallabiya sun yi sahu, kana gabansu, an tayar da sallah. Jibo yana cikin sahun, ya ce ya ji ƙarar injin, ya san ta wace ce, ya kuma san wa ke kan gwiwa a ranar, amma ba halin juyawa. Ni kuwa na dube ka daga nesa na ce a raina, ga mu nan, Kawu, duba agogonka.

Mun isa ana jiranmu a ƙofa. Aka shiga da ita, aka ɗebi jinin matan nan aka ƙara mata. Da likita ya fito ya ce ta tsallake, kuma da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban, sai Sabah ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka. Asabe tana raye! Tana shayar da ɗiyarta, jiya har ta yi mini tsiya wai na kusa karya mata haƙarƙari.

Kada ka ɗauka mun tsaya yabon kanmu. Bayan sadakar uku mun zauna yadda ka saba zaunar da mu. Mun gano babu inda za a rataya ƙarin ruwa a raksha, hannu ya riƙe shi har asibiti, an kuma yi jinkirin kiran waya. Lukman ya riga ya kafa ƙugiya. Yahya bai iya duban surukarsa ya yi magana ba, amma ya ce wa ɗansa a yanko mata makulli nata na kanta, kuma a nemi wata macen ta fara koyo, ta zama direba ta huɗu.

Ya Allah, ga bawanka Salih ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa kowane numfashin Asabe da na matan da za su biyo bayanta a mizaninsa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Mu kuma ka ba mu ikon riƙe abin da ya bari, ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa Mujtaba da Zahra'u, da 'yan uwansa na nan da na Kamlin, da abokan bincikensa na kwaleji, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ke kuma Inna Hannatu, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya saka miki da maganar da kika iya faɗa a safiyar da babu wanda zai zarge ki in kin yi shiru. Asabe ta hana a kawo miki gaisuwarta da baki. Ta ce ki jira ta, tana samun ƙarfi za ta tako da ƙafafunta, da ɗiyarta a baya, ta zo ta yi miki da kanta.