Godiyar Da Muka Ƙi Yi A Shiling

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Guangzhou, duk sanda aka buɗe baje kolin Pazhou nakan zama tafintar kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da jakunkunan mata a Kano. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ni kuwa a lokacin ji nake duk garin ba wanda ya kai ni baki.

A wani zuwan ya haɗu da wani Bature ɗan Ingila da ke son a riƙa turo masa jemammiyar fatar Kano, ana ɗinka jaka da ita a Shiling, wani garin maɗinka jaka a gefen Guangzhou. Kawu ya ɗora rai a kan harkar nan sosai. Muka ɗauki mota mu uku har masana'antar da za ta yi ɗinkin. Laoban, wato mai wurin, ya zaunar da mu yana ta tsiyaya mana shayi a 'yan kofunan nan da ba su fi kurɓi ɗaya ba.

Hira ta gangaro kan jiragen ruwa. Sai Baturen ya dube ni yana murmushi, ya ce kakanninsa sojan ruwa ne, su suka yi ta sintiri a tekun Afirka suna tare jiragen bayi. "Ba don mu ba, wa ya san inda kuke yanzu? Amma ko godiya ba ku taɓa yi mana ba."

Kawu ya ce, "Ke, me ya ce?"

Na ce, "Ba komai, Kawu, zancen teku ne."

Na juya ga Baturen na ce a gidanmu mun san jiragen nan. Wani kakanmu na can baya, yana saurayi aka kama shi a yaƙi. Mutanenmu ne suka sayar da shi, ban ɓoye wannan ba, aka yi ta miƙa shi har bakin teku a Ikko. Jirgin Ingila ya tare jirgin da ya ɗauko su, aka kwance masa mari, gaskiya ne. Amma ba gida aka mai da shi ba. Saliyo aka sauke shi, aka canja masa suna, aka sa masa kakin soja, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Sai da ya yi furfura ya samu ya dawo Arewa, ya tarar uwarsa ta daɗe da rasuwa.

Na ce, "Kafin ku fara tare jiragen, su wa suke cika su?"

Laoban, da ke jin Turanci, ya ajiye butar shayin. Ya ce ta kogin garin nan ma, bayan an ce an hana cinikin bayi, jiragen Turawa sun kwashi samarin ƙauyensu zuwa yankan rake a ƙetaren teku. Kaɗan ne suka dawo.

Fuskar Baturen ta yi ja. Ya duba agogo, ya kira tasi ya tafi.

A hanya Kawu ya matsa mini, na zayyane masa komai. Ni dai na gama shirin shan faɗa kan cinikin da na ɓata.

Sai ya ce, "Yanzu ke an taɓo kakana, ina zaune ina washe baki kamar wawa? Wa ya aike ki ki amsa a madadina?"

Washegari ya tasa ni gaba har masaukin mutumin. Ya maimaita labarin da Hausa, a natse, ina fassarawa ba ragi ba ƙari. Ya ƙare da cewa, "Gaya masa fata tana nan in yana so. Godiya kam ba ta cikin ciniki."

Baturen ya ce zai yi tunani. Bai sake kira ba.

Har yau ba na musun cewa jiragen nan sun ceci rayuka. Abin da ba zan yarda da shi ba, a ba ni rabin labarin kakana sannan a ce in durƙusa. Na kuma koyi cewa tafinta ba ta da hurumin ɓoye wa mutum cin fuskar da aka yi masa.

Kawu har yanzu jakunkunan roba yake sayarwa a ɗan shagonsa. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba.