Da Cokali Yake Juyawa

Yana zaune a shagonsa na kayan kwalliya, fes da shi, har da farar rigar likitoci. Tela ne ya ba shi rigar nan, ba makaranta ba. Man ƙaiƙayin fata, wanda likita ke cewa a shafa na 'yan kwanaki, shi yake matsewa cikin man shafawa, har kwali uku, don haɗin bilicin.

Matar da ke jiran haɗin, kumatunta sun ƙone.

"Malam, fuskata tana zafi in na shiga rana."

"Aiki yake yi, Hajiya. Kada ki daina."

Wataƙila shi ma yana da 'ya'ya mata a gida. Na dai lura da dogon cokali yake juyawa, yana kaffa-kaffa kada man ya taɓa masa yatsa.