Ba-Gudu, Wadda Ta Ƙi Bin Ƙofar Baya

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, maigidanki ya kira ni a waya. Bai iya dogon bayani ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Yayarki ta cika." Na san kin jima kina fama da ciwon ƙoda, na kuma ga yadda kika rame a zuwana asibiti na ƙarshe, amma sai da na sa ya maimaita. Ban taɓa kawo wa raina akwai abin da zai sa ki yi shiru ba.

Ga wanda bai san ki ba, ke tela ce, kuma shan-inna ya taɓa ƙafafunki tun kina ƙarama. Kikan ce kekuna biyu Allah Ya ba ki, ɗaya yana ciyar da ke, ɗaya yana kai ki unguwa. Duk unguwa Ba-Gudu ake kiranki, ke ma kika raɗa wa kanki sunan. In an tambaye ki dalili sai ki yi dariya ki ce, "Ko na so gudun, da wace ƙafar?" Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma Yaya nake ce miki, kuma ban taɓa kiran wani da wannan suna na ji ya cika bakina haka ba.

A babban kantin nan muka haɗu, a ranar da na fi ƙi a rayuwata. Fitata ce ta farko bayan hatsarin motar da ya zaunar da ni a keken guragu. Ƙanwata ce ta matsa sai na fita na sha iska. A ƙofar kantin akwai gangaren siminti da aka yi don masu keke irina, amma an jera kekunan zuba kaya a kai, an ɗaure su da sarƙa. Maigadi ya nuna mana baya, inda ake sauke kaya. Muka bi ta gefen bola da kwalaye, ina sunkuyar da kai. Muna cikin sayayya fitsari ya matsa min. Ga banɗaki an zana hoton keke a ƙofarsa, amma an datse shi da kwaɗo. Ƙanwata ta yi ta zarya, wannan ya ce makulli na wajen mai shara, wancan ya ce mai shara ta tashi. Kafin ta dawo, abin da nake tsoro ya faru, a gaban mutane.

Ban ga isowarki ba. Na dai ji an lulluɓa min mayafi a cinya, sai kuma wata murya ta tashi: "Me kuke kallo? Ga abin kallo can, ku kalli kwaɗon nan!" Kika sa kekenki ya tare ni daga idon jama'a har ƙanwata ta dawo, kika raka mu mota, ba ki ko tambayi sunana ba sai da kika ga na daina kuka.

Washegari sai ga ki a gidanmu, wai na shirya mu koma. Na rantse miki ni da kantin nan har abada. Kika dube ni kika ce, "Ƙanwata, kunyar nan da kika kwaso ba taki ba ce. Ta wanda ya kulle ƙofa ce. Tashi mu mayar masa da kayansa."

A ranar na ga yadda kike shiga. Da maigadi ya nuna miki baya, ko kallon wajen ba ki yi ba. Kika tsaya a gindin gangaren, cikin rana, kika ce masa ke ba buhun sukari ba ce da za a shigar ta wajen sauke kaya. Kika zauna nan har sai da aka kwance sarƙa aka janye kekunan. Ashe haka kike yi duk zuwa, kuma duk zuwa sai kin tarar an mayar da su.

Teburin karɓar ƙorafi kansa abin ƙorafi ne. An gina shi da tsawo, yarinyar da ke zaune a bayansa ba ta hango komai naki sai ƙullin ɗankwali. Kikan ƙwanƙwasa katakon da zobenki har sai ta leƙo. Amsoshinsu kuwa har mun haddace su. Za a duba. Manaja ya fita. Ba sashenmu ba ne. Wani lokaci a ba mu lambar waya, mu kira, a kunna mana kiɗa har katinmu ya ƙare. Ba wanda ya taɓa zaginmu, kowa da murmushinsa, amma kwaɗo na nan inda yake. Kikan ce da a ce murmushi yana buɗe ƙofa, da kantin nan ko labule ba zai rage a rufe ba. Ranar da aka buɗe banɗakin don a rufe miki baki, bokitai da tsintsiya da jarkokin sabulu muka tarar sun cika shi.

Da manajan ya gaji da ɓuya, ya kira mu ofishinsa, ya sa aka kawo mana lemo. Ya ce daga yau ki riƙa kiran waya, za a kai miki duk abin da kike so har gida, kyauta. Ya ƙara da cewa zai sallami maigadin da ya tura mu baya. Kika ture lemon gefe. Kika ce, "Ranka ya daɗe, ba ɗan aike na rasa ba. So nake na ɗauki sabulu da hannuna, na shinshina, na ajiye in bai yi min ba, kamar yadda matarka take yi. Maigadi kuwa in ka kore shi, ni da kai ne. Abin da aka ce ya yi yake yi, kuma na san daga wane ofishi aka ce masa." Maigadin nan har yau yana bakin aikinsa, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarki.

Ba zan manta da ranar layin biyan kuɗi ba. Tsakanin teburan masu karɓar kuɗi an kafa ƙarafa, hanya ta matse, keke ba ya wucewa. Mu sai dai mu miƙa wa wani jakarmu ya biya mana, mu koma mu zagaya. Kika tara mu, masu keke da masu sanda da wani malami makaho abokin maigidanki, kika ce ba ihu, ba zagi, sayayya kawai za mu yi. Kowa ya cika kwandonsa. Kika shige gaba har tayoyinki suka maƙale a ƙarafan, kika ja birki, kika naɗe hannu. Layi ya yi tsawo a bayanmu, wasu suka fara tsaki. Manaja ya fito a guje yana "Hajiya, don Allah a miƙo kuɗin ta nan." Kika ce kuɗinki ba su da fiffike, inda kika shiga nan suke shiga. Sai wata mata mai tsohon ciki ta dire kwandonta a ƙasa ta ce ita ma da ƙyar take ratsa wajen, in ba a buɗe ba ta fasa sayen. Wani dattijo ya bi ta. Manaja ya ce ai ba su da ma'aikacin da zai kwance ƙarfe yanzu. Kika ce, "Wannan mai sauƙi ne. Maigidana mai walda ne, yana waje da sifana." Kantin ya kwashe da dariya, har masu karɓar kuɗin. Kafin mu bar wajen an cire ƙarafan layi ɗaya, kuma ni da hannuna na biya kuɗin kayana.

Ba zan mayar da ke waliyya ba, don da kin ji da kin harare ni. Kina da kaifin harshe, kuma in kika kafe ko maigidanki sai dai ya zuba ido. Kin taɓa yin mako ba ki amsa gaisuwata ba don na bi ta ƙofar baya ranar da ake ruwan sama. Amma ke ce kika rage min tsawon rigunana don kada taya ta riƙa cin su, ba ki karɓi ko sisi ba. Ke kike ɗinka wa duk sabon mai keke jakar ratayawa a gefe. Yarinyar teburin ƙorafi da kika hana sakat, ke kika ɗinka mata kayan jaririnta na fari, kika ce ita ma a bayan wancan katakon ɗaure take. Duk wanda kika ji labarin ya kulle kansa a ɗaki saboda nakasa, sai kin je kin buga masa ƙofa har ya gaji ya fito.

An janye kekunan daga gangare, an cire kwaɗon banɗaki, an rage tsawon gefe ɗaya na teburin. Amma abu ɗaya ya gagara. Yadi da zare da maɓallai duk a saman bene ake sayar da su, lifta kuwa, na'urar hawa bene, tun buɗe kantin take ɗauke da takardar "ana gyara". Ke tela, kin mutu ba ki taɓa ganin wannan bene ba. Sai dai ki aiki 'yarki ta ɗauko miki hoton yaduka a waya, kina zaune a ƙasa kina tambayarta ko yana da laushi.

Shi ya sa da mutanen kantin suka zo gaisuwa da katan-katan na ruwa da mai ɗaukar hoto, suna kiranki babbar ƙawarsu, zuciyata ta tafasa. Maigidanki ya karɓi gaisuwar, ya yi musu godiya, ya ce a ajiye kyamara. Ni kuwa ga nawa saƙon gare ku, mutanen kantin. Mun gode da ruwa, amma ba ƙawarku ba ce, mai saye ce da kuka wahalar, kuma ba alfarma ta roƙa ba, haƙƙinta ta nema. In kun yi zaton da rasuwarta teburinku zai huta, ku sake lissafi. Ta bar mu da yawa, ta koya mana jan birki, kuma ba mu da wani wajen zuwa da ya fi gindin liftar nan. Za ku gaji da ganinmu kafin mu gaji da zuwa.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta bayinKa, Ka haskaka makwancinta, Ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda bai taɓa cewa ta yi haƙuri ta zauna a gida ba, da 'yarta tilo, da ƙannenta, da duk 'yan'uwana masu keke da masu sanda. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Sai ke, Inna, mahaifiyarta. Ta sha ba ni labarin yadda kike goya ta zuwa makaranta har ta yi girman da ƙafafunta ke jan ƙasa, mutane na ce miki ki bar ta a ɗaki, me gurguwa za ta yi da karatu. Kin ga jama'ar da suka cika layinku ranar jana'izarta. Inna, bayanki bai yi ciwo a banza ba. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya haɗa ku a gidan rahama, amin.