Atishawa Uku da Suka Raba Ni da Gangata

Ƙanen ubana ne ya cuce ni. Ya tashi a tsakiyar majami'a, ranar Lahadi, a gaban mata da yara, ya nuna ni da yatsa ya ce abin da ya sauko mini ba Ruhun Allah ba ne, iskokin uwata ne suka hau ni. Da wannan magana ya raba ni da gangar da nake kaɗawa tun ina saurayi. Damina biyu na yi ina zama a bencin baya kamar baƙon da ya shigo fakewa ruwa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kankia da Kusada, sai ka bar kwalta ka bi turɓaya. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka bi Almasihu, muka tashi muka tarar da 'yar majami'a ta laka mai rufin kwano, wadda in ana ruwa ba ka jin wa'azi. A aji huɗu na bar firamare na kama fartanya. Ban iya dogon karatu ba, amma ganga na iya. In na ɗora sanda a kan fatar nan, tsohuwar da ta shigo tana dafa bango sai ta manta da gwiwarta.

Innata, kafin ta tuba, 'yar bori ce, kuma ba ƙarama ba. Har daga Tafashiya ana zuwa da masu garaya a ɗauke ta. Ta ƙone kayanta tun ban yi wayo ba, ta mutu tana mai bi, amma mutanenmu ba sa mantuwa da irin wannan. Ita da bakinta ta ba ni labarin yadda abin yake. Ta ce, “In sun hau ka, ba ka nan. Jikinka dokinsu ne. Sai sun sauka ka yi atishawa, sannan a gaya maka abin da ka yi, kai ba ka san komai ba.” Duk wani babba a ƙauyenmu ya san wannan atishawa, ita ce alamar iska ya sauka.

To ga abin da ya faru. Da kaka, shanun wani Bafulatani da ke ruga yamma da mu suka shiga gonata suka cinye mini dawa, kwana kaɗan kafin yanka. Na je na tarar da kara tsirara. Mai unguwa ya kira mu, mutumin ya ba da haƙuri, aka ce a bar wa Allah. Na ce na bari. Ƙarya nake yi. Rani ya shigo, suka tafi kudu da shanu, ni kuma na je kasuwar Kankia na sayo maganin ɓera mai ƙarfi na ɓoye a gwangwani ƙarƙashin rumbu. Ko matata ba ta sani ba. Wata shida ina kaɗa ganga ran Lahadi, ina waƙar ƙauna da baki, gwangwanina yana gida yana jiran shanu.

Ruwan fari ya sauka, ciyawa ta fara tsirowa, suka dawo. Ran Asabar na dama dusa da kanwa a tsohuwar ƙwarya, na juye maganin ciki, na tura ƙarƙashin rumbu. Na ce gobe in an tashi sujada zan ajiye ta a bakin mashaya.

Gobe ɗin kuwa ita ce Lahadin da ake tuna saukowar Ruhu Mai Tsarki. Fastonmu matashi ne, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa ma sai a hankali. Ya ce Ruhu ba mala'ika ba ne, ba kuwa wani ɗan aike ba ne, Allah ne da kansa, wanda Almasihu ya yi alkawarin zai zo ya zauna cikin masu bi ya taimake su. Ya ce ba baƙon kwana ɗaya ba ne, in ya shigo zama ya zo yi, kuma yakan fara da lungun da maigida ba ya so a leƙa. Ni dai ina riƙe da sandar kiɗa ina jira ya gama, hankalina yana mashaya.

Aka ta da waƙa. Kai, ranar nan an yi waƙa! Mata suna dukan bakin tulu, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya, kwanon rufi har amsawa yake yi. Na shiga da ganga, hannuna yana tafiya da kansa, gumi yana zuba. Muna cikin baiti na uku sai na ga ƙwaryar nan. Da idona a buɗe na gan ta, dusar, da kanwar, da ƙudan da suka mutu a gefe. Na ga wata farar saniya mai ɗan maraƙi ta sa baki. Na ga matar mutumin tana tatsa da safe, ta ɗauki nonon ta nufi cikin gari, har ƙofar gidajenmu, inda jikokinmu suke miƙa kofi. Wallahi wata shida ban taɓa kai tunanina ga nonon ba, sai a lokacin.

Ba wanda ya yi mini tsawa. Ban ji wata murya daga sama ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin daga ciki ya taso, kamar an kunna fitila a ɗakin da na daɗe ina kwana cikin ƙazanta ban sani ba. Sanda ta suɓuce, ganga ta mirgina. Na kife a ƙasa ina kuka kamar yaron da aka yaye, jikina yana rawa, ina cewa, “Na tuba! Na tuba!” Abin mamaki, a cikin kukan nan akwai daɗi. Wanda ya nuna mini mugun halina bai ture ni ba, riƙe ni ya yi. Ban taɓa jin tsoro da murna sun haɗu wuri ɗaya kamar ranar ba. Kuma ina nan, da hankalina. Ina jin waƙa ta tsaya, ina jin wata mata tana cewa, “Mi ya same shi?” Ina ganin takalman mutane.

Sai ga takalmin Baba, ƙanen ubana, babban dattijon majami'a. Ya sunkuya ya tallafo kaina, ya kama mini hanci da baki yana jijjigawa wai in dawo hayyacina. To Baba yana shan garin taba a ɓoye, kowa ya sani, ba mai faɗi. Yatsunsa jawur suke da ita. Yana taɓa hancina na ji kamar an zuba mini barkono.

Na yi atishawa. Na ƙara. Na ƙara ta uku.

Wata tsohuwa ta ja jikarta baya. Baba ya saki kaina ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

“Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Sun sauka. Wanga ba Ruhu ba ne, na uwarsa ne suka biyo kiɗa. Na daɗe ina faɗi, yadda yaron nan ke dukan ganga ba na lafiya ba ne.”

Yaro! Ina da furfura a gemu. Fasto ya rasa gane abin da atishawa ta yi wa mutane, yana ta duban fuskoki. Dattawa suka ja shi gefe suka yi masa bayani, da yamma aka aiko mini cewa in huta da ganga har a ga hali.

Amma ni a lokacin ko a jikina. Ina tashi daga ƙasa na fita da gudu, babu hula, babu takalmi ɗaya. Na jawo ƙwaryar nan, na haƙa rami a bayan gida har ƙugu, na jefa ta da gwangwanin, na rufe, na mirgino dutse na danne. Matata ta biyo ni tana haki.

“Maigida, lafiya? Mi kake binnewa da rana tsaka?”

“Mutuwa nake binnewa! Ba ni ruwa in wanke hannu.”

Ina dariya ina hawaye, ita kuma ta tsaya riƙe da buta tana tunanin ko maganar Baba gaskiya ce.

Daga nan ban zauna ba. Abin da ya kayar da ni shi ya tashe ni, ya tura ni yamma. Ƙafata tana cewa koma, ƙirjina yana cewa tafi. Na tarar da mutumin a gindin gawo yana tufka igiya. Na yi sallama, ya amsa yana kallon ƙafata mai takalmi ɗaya.

“Maƙwabci, kura ta biyo ka?”

“Wadda ta fi kura. Zauna da kyau, magana zan faɗa maka, in ka ga dama ka ɗauki sandarka.”

Na faɗa masa duka, da gwangwani, da dusa, da mashaya. Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ya daɗe yana duban farar saniyar nan, ita ɗin dai, tana lasar ɗanta. Sai ya ce ranar da shanu suka shiga gonata yana maƙabarta, ƙanensa ya binne, ba kowa a kansu. Ya so ya faɗa a gaban mai unguwa, ya ga idona, ya san ba zan ji ba.

“Wa ya hana ka ajiye ƙwaryar?” in ji shi.

“Ruhun Allah.”

Ya gyaɗa kai. “Kowa da yadda yake kira. Amma Allah ne ya tsare ni, ya tsare ka. Na yafe, kai ma ka yafe dawar.” Sannan ya matso ya rage murya. “Abu ɗaya. Wannan magana ta mutu a gindin gawon nan. In samarinmu suka ji an dama wa shanu guba, ba zan iya riƙe su ba, ku kuma ba ku da yawa.”

Na yi masa alkawari. Matarsa ta kawo kindirmo a ƙwarya, ya sha ya miƙo mini. Ban taɓa shan abu mai daɗin wannan ba! Na dawo gida ina waƙa a hanya, ina kaɗa cinyata, awaki suna gudu.

Alkawarin nan shi ya ɗaure mini baki. Da na faɗi abin da na tuba a kai, da an gane. Ban faɗa ba. Aka ba wani ɗan'uwanmu ganga, mutumin kirki, amma kiɗansa kamar ana sussukar gero. Mata suka daina aiko mini jikoki in yi musu wasa. In na yi atishawar mura a kasuwa sai in ji ana ƙus-ƙus. Sau nawa na ɗaura niyyar in tare Baba a hanyar gona in nuna masa ƙarfin manomi? Duk lokacin sai fitilar nan ta kunnu, in ga wata sabuwar ƙwarya nake damawa. A nan na gane aikinsa ba na Lahadi ɗaya ba ne. Kukan majami'a somin taɓi ne. Babban aikin shi ne riƙe hannun mutum irina ran Talata, ba waƙa, ba mai kallo. Ba zan ce ya mai da ni mai sanyin hali ba, har yau ina da ɗaci. Amma ban daki kowa ba.

A damina ta biyu maƙwabcina ya rasu, na je gaisuwa, iyalinsa suka tashi da shanu ba su dawo ba, alkawari ya sauka daga wuyana. Rani ya wuce. Saura mako biyu a sake Lahadin saukowar Ruhu, ina zaune a zaure da hantsi ina gyaran ƙotar fartanya, sai ga Baba da ganga a kafaɗa. Fatar ta yage daga baki zuwa baki. Duk yankinmu ba mai iya sake mata fata sai ni.

Ya ajiye ta yana kallon bango. “Ɗana, ga wannan. Ka ɗan duba ta, hidima ta matso.”

“Yau ni ne ɗanka, Baba? Zauna.”

Ya zauna a bakin tabarma. Na ɗora gangar a cinyata, na shafa itacen don murna. Na ba shi labarin duka, tun daga gwangwani har gindin gawo. Ya buɗe baki zai yi magana na ɗaga hannu.

“Tsaya, Baba, ka yi taka a gaban jama'a, tawa a zaure ce, ka gode. Ka girme ni, ka ga bori da idonka. Yaushe ka taɓa jin wanda iska ya hau ya tashi yana tuna takalman mutane? Yaushe iska ya taɓa aiken mutum ya binne guba ya je ruga neman gafara? Su jini suke nema, a yanka musu baƙin akuya. Wanda ya kama ni ranar nan jini ya hana zuba, har da na jikokinka masu shan nonon nan. Bai hau ni kamar doki ba, cikina ya shiga ya zauna, shina nan har yanzu, shi ya sa damina biyu kana wucewa ta gonata lafiya. Innata ta ƙone kayanta ta mutu tana mai bi, ka tono ta a gaban yara. Atishawa kuwa, dubi yatsunka. Dubi su! Garin tabarka ka cusa mini a hanci. Zan sa wa gangar nan fata, ba don kai ba. Amma ran Lahadin nan ni zan rataye ta, a gaba, inda na saba tsayawa. In kana da abin faɗi ka tashi ka faɗa, ni ma sai in tashi in roƙe ka ka nuna wa jama'a hannunka.”