Gurbin sa hannun miji

Ngatini ta yi shekara tara tana ɗinkin takalma a wata masana'anta a garin Tangerang. Shekarunta talatin da ɗaya, ba ta yi aure ba, ba ta taɓa sanin namiji ba. Damuwarta jinin al'ada ne, duk wata sai ya kwantar da ita kwana uku. Shugabar layinsu a masana'antar ta ce in ta sake fashin aiki ta nemi wani wurin.

Likita ya ce robar mahaifa mai magani, irin ta hana ɗaukar ciki, za ta rage jinin, ya tura ta wurin ungozoma Lasmi. Lasmi ta nuna mata kati.

"Nan miji yake sa hannu. Ina naki?"

"Ba ni da shi, Inna."

"Budurwa da roba? 'Yar nan, so kike unguwa ta cinye mu ɗanye?"

Ngatini ba ta iya gardama ba, ta koma gida. Washegari mahaifiyarta ta rako ta ɗauke da bokiti, ta dire shi a teburin Lasmi ta buɗe. Zannuwan gadon Ngatini ne na kwana biyu, duk jini, ba a wanke ba.

"Unguwar ce ke wanke mini wannan?" in ji tsohuwar.

Lasmi ta rufe bokitin, ta miƙo tawada. Tsohuwar ta dangwala yatsa a gurbin miji.

Saka robar ya yi zafi, Ngatini ta ciji bakin mayafinta. Sai da aka yi wata huɗu jinin ya lafa. Shekara biyu ke nan da yin haka, bana shekararta goma sha ɗaya a kan keken ɗinkin nan.